Igiyar Bijimin Damana

Talata, 5 Nuwamba 2024
An sako Nafi'u daga kaso, ɗan Yaya Dijatu. Shekara biyu kan satar awaki. Ni dillalin dabbobi, ɗan 'yar'uwata ɓarawon awaki! Yaya ta zo tana kuka, wai in samo mishi aiki, in ba haka ba Jado zai tafi haƙar zinariya, ta sake rasa shi. Na ce zan duba. Ban ce na ɗauka ba.

Alhamis, 7 Nuwamba
Na kai shi wurin Zaidu mai bulo. Wai hannu ya yi mishi yawa. Ƙarya, jiya yake cigiyar lebura.

Asabar, 9 Nuwamba
Garejin Bashir, a'a. Mai burodi ko ɗaga kai bai yi ba. Kailu tela ne ya ƙona min rai. Na gama yabon yaron, ya cire allura daga baki ya ce, "Hamidu, in ka yarda da shi haka, mi ya hana ka ɗauke shi?" Nafi'u na tsaye yana ji. Wallahi na ji kunya.

Lahadi, 10 Nuwamba
Kasuwar Filinge. Na tafi da shi kara, wurin cinikin dabbobi, amma ban ruwa da shara kawai. Igiya kam a'a. Mai dabba in ya miƙa ma dillali igiya, amanarsa ya miƙa, kuma sunana ne jarina. Na ji ana raɗa, wai an ba kura ajiyar nama. Na yi kamar ban ji ba.

Laraba, 13 Nuwamba
Yaron nan ko bayan gida zai je sai ya nemi izini. Magariba na yi sai ya tsuguna jikin bango shiru. Na tambaye shi, ya ce lokacin ƙirga mutane ne a can, jikinsa bai manta ba. Na daka mishi tsawa ya tashi. Daga baya abin ya tsaya min a rai.

Lahadi, 24 Nuwamba
Tunkiya ta ɓace a kara, ido duka ya koma kan Nafi'u. Har nawa, Allah Ya yafe min. Ashe tana bayan motar garin Bonkuku tana cin harawa. Ba wanda ya ba shi haƙuri. Da yamma ya ce min, "Kawu, in ina ɓata maka suna, ka bar ni in tafi Jado." Na ce ya rufe min baki ya ɗauki bokiti.

Lahadi, 1 Disamba
Ya riga ni zuwa kara. Bai tafi ba.

Lahadi, 8 Disamba
Wani tsoho daga Damana ya kawo bijimi ja, mai faɗa kamar me. Nafi'u kaɗai ya yarda ya taɓa shi. Aka kira azahar ciniki bai faɗa ba, yaran aikina duk sun watse. Na miƙa ma Nafi'u igiyar zan tafi masallaci. Tsohon ya dube ni, ya ce ba wannan ne aka ce ɓarawo ba? Na ce, "Ɗana ne, Baba. In bijiminka ya ɓata, ni ka kama."
Don dai ba kowa kusa ne, ba wani abu ba.
Sai da na sallame salla na tuna ko sau ɗaya ban waiwaya ba.