Inna Ba Ta Hawa Dutse Hannu Rabbana

Kundasang, 9 ga Agusta, 1996

Zuwa ga Yayana Jaimin,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da Yaya Rosnani da yara, kamar yadda muke a nan. Ya zafin birni, ya aikin tashar jiragen ruwa? Allah ya taimaka.

Takardarka ta same ni, na kuma karanta wa Inna ita, har wurin da ka ja wa layi biyu. Ta saurara tana ɓare ganyen kabeji. Da na zo inda ka ce ka gyara mata ɗaki a gidanka har ka sa fanka, sai ta tambaye ni ko fankar za ta riƙa taya ta hira. Ka ji amsarka.

Abin da aka gaya maka gaskiya ne, amma rabi ka ji. Kamfanin da ke kai kaya masaukin baƙi na kan dutsen Kinabalu ya yi sabon manaja, ya ce duk ɗan dakon da ya wuce shekara hamsin ba za a sabunta masa katin aiki ba idan shekara ta ƙare. Inna tana da hamsin da uku. Shekara ashirin da bakwai tana hawa da shinkafa da tukunyar gas, har katifa ta taɓa kaiwa, yau an ce ta tsufa. Ta je ofis ba ta gaya mini ba. Kawu Saidin, abokin dakonta, yana wurin, shi ya ba ni labari. Wai manajan ya yi dariya, ya ce in ta kai ƙolin Kinabalu a tseren watan Oktoba cikin awa uku da rabi da ake ba mata, da hannunsa zai sa mata hannu a kati. Shi wasa yake yi. Ita kuwa ta juya ta ce duk wanda ke wurin ya zama shaida.

Ka ce in hana ta. Kai da kake nesa, ba da umarni ba ya maka wuya. Ga dabarar da na yi: ni ma na sa sunana a tseren. Zan riƙa bin ta wajen motsa jiki, ranar da ta gaza in riƙo hannunta mu dawo gida, ba tare da wani ya gani ba. Kada ka yi dariya. Na san shekara goma ina zaune a kan kujerar asibiti ina rubuta katin marasa lafiya, na kuma san abin da kujerar ta yi mini.

Ka gaida yara da kyau.

Ƙanwarka,
Norlidah

Kundasang, 15 ga Satumba

Yaya Jaimin,

Ina gaishe ka, ina gaida mutanen gida. Ya jikin autarku, tarin ya sake ta? Allah ya ƙara sauƙi.

Ka tambaye ni ko Inna ta gaza. An gaza kam, amma ba ita ba.

Kullum da mun idar da sallar asuba muke fita, mu bi hanyar gonakin kabeji har tudun tankin ruwa mu dawo. Ranar farko ban kai gonar Kawu Saidin ba na zauna a bakin hanya ina ganin taurari da rana. Na sayi takalmin gudu mai tsada, ita kuwa tana cikin takalmin robar nan nata. Ta dawo ta tsaya a kaina, ko haki ba ta yi, ta ce takalmin dai yana da kyau, saura ƙafa. Matan da ke yankan kabeji sun sami abin hira na mako guda. Yanzu in sun hango mu sai su ce ga mai jinya tana raka mara lafiya, kuma ka san wace ce mara lafiyar.

Amma akwai abin da ban zata ba. Ranakun Lahadi da ba ta da dako muna zuwa ainihin hanyar dutsen, a nan na gano Inna ba ta iya hawa babu kaya ba. Wallahi da gaske nake. Jikinta ya saba karkata gaba don nauyi, to da babu komai a bayan sai ta riƙa yin gaba kamar an tunkuɗa ta. Kuma kaya ne ke auna mata taku. Da babu shi sai ta fizga da gudu, kafin rumfar hutu ta biyu numfashi ya ƙare. Lahadin da ta wuce ta faɗi a kan matakala, haɓarta ta fashe. Na goge mata jinin, na ce a raina yau zan rubuta maka cewa an gama.

Ba ciwon ne ya dame ta ba. Da muka zauna ta ce kunya take ji. Tun tana yarinya ba ta taɓa ganin ɗan ƙauyenmu ya hau dutsen nan hannu rabbana ba, wannan sai baƙi masu kyamara. Duk abokin dakon da muka wuce sai ta kau da kai, kamar wadda aka kama tana gudun aiki.

Kawu Saidin ne ya warware mana. Ya ce to wa ya hana ta ɗaukar kaya? Masu tsere ba su ce kada a riƙe komai ba. Aka ɗaura mata kilo biyar na shinkafa da maɗaurin goshin da take dako da shi kullum. Yaya, da ka ga ikon Allah. Ta sunkuyar da kai, ƙafa ta sami takunta, ba sauri ba tsayawa, na bi ta har na daina ganin bayanta.

Ni kuwa ban san ranar da dabarata ta bi ruwa ba. Da can na tsani ƙarar agogon asuba. Yanzu in ƙirjina ya fara zafi a tudu sai in dubi matakalar da ke gabana, in tuna sau dubu nawa ta taka ta da buhu a baya don ni da kai mu zauna a aji. Mu biyu mun yi karatu, ba wanda ya taɓa zuwa ya ga hanyar. Na ji kunya ƙwarai, kunyar ce kuma ke tashina yanzu. Na daina bin ta don in dawo da ita. So nake ko sau ɗaya in taka hanyar har inda take ajiye kaya.

Na aiko maka da kwalbar tuhau, yajin cittar dajin nan tamu, ta hannun direban motar kayan lambu. Inna ce ta haɗa, duk da ta ce ba ka cancanta ba.

Taka,
Norlidah

Kundasang, 8 ga Oktoba

Yayana,

Gaisuwa da fatan kuna lafiya. Mu ma lafiya, sai dai ni da ƙyar nake sauka daga gado, cinyoyina kamar na aro.

Na san kana jira, don haka ba zan ja maka rai ba. Amma bari in faɗa yadda aka yi.

Wajen tashi an cika, har da Turawa da sojoji masu dogayen ƙafafu. Inna ta tsaya a cikinsu da lamba a ƙirji, maɗauri a goshi, ƙullin shinkafa a baya. Wani mai duba 'yan tsere ya ce mata Iya, yau ba ranar dako ba ce, matsa gefe. Ta nuna masa lambarta kawai. Manajan yana can ƙarƙashin rumfa, na ga murmushinsa ya ragu.

Da aka busa usur kowa ya fizga, aka bar ta kusan a ƙarshe, har ni ina gabanta. Kafin rumfa ta uku ta wuce ni, kanta a ƙasa, ba ta ma san ni ba ce. Daga nan sai labarinta nake tsinta a hanya. Duk ɗan dakon da na tarar sai ya ce mini Innarki Sominah ta wuce, ta bar sojoji biyu suna amai.

Na kai masaukin dutse, Yaya. Da rarrafe na ƙarasa, lokaci ya ƙure mini, aka ce nan zan tsaya. Ban damu ba, nan ɗin nake nema. Mai dafa abincin masaukin ya nuna mini ƙugiyar da Inna ke rataye maɗaurinta, ga shi nan a rataye. Ya ce ta dire shinkafa, ta ce a auna a gani ko ta cika, sannan ta yi sama. Ka san aikin 'yan dako a masaukin yake ƙarewa. A shekara ashirin da bakwai ba ta taɓa wuce ƙofar nan ba.

Na zauna a waje ina karkarwar sanyi, idona a kan agogon bango. Awa uku da rabi ta cika, ba labari. Can mai rediyon hannu ya karanto lambobin da suka kai ƙoli a kan lokaci. Tata ce ta biyun ƙarshe, da saura minti huɗu. Kawu Saidin ya cire hula ya rufe fuskarsa da ita.

Da ta sauko ban gane tafiyarta ba. Kanta a sama, tana waige-waige kamar baƙuwa. Ta zauna kusa da ni, aka kawo mana shinkafar da ta hau da ita, da busasshen kifi. Na zaci maganar kati za ta yi. Sai ta ce:

"Norlidah, ashe daga can ana ganin teku."

Mai maɗauri a goshi ba ya iya ɗaga kai. Duk shekarun nan yatsun ƙafarta da matakala kawai take gani. Na yi kuka, ban ɓoye ba. Ta ce in ci abinci kada ya huce.

Manajan ya cika alkawari a gaban shaidu, ba yadda zai yi. Su Kawu Saidin ma sun fara cewa ai sai a sake duba maganar shekarun nan. Jiya ta hau da tukunyar gas. Ni kuma agogona yana nan a saite, don baɗi ina so in ga abin da ta gani.

Ta ba ni saƙo gare ka, ta ce kada in canza ko kalma. Ta ce ta gode da ɗaki, Allah ya yi maka albarka, ka ba yara su riƙa karatu a ciki. Wani a ƙolin ya nuna mata birninku a bakin ruwa. Ta ce ta duba da kyau, ɗan mitsitsi ne, ba zai ɗauke ta ba tukuna.

Ka gaida Yaya Rosnani da yara.

Ƙanwarka mai ƙaunarka,
Norlidah