Katangar Bayan Gida

Asabar, 10 ga Maris, 2001

Masu gaisuwa sun fara raguwa. Yau Yaya Abdu, wan mijina marigayi Sadiƙ, ya tsaya a zaure ya aiko a gaya mini wai zai kira magini a ƙara wa katangar bayan gida tsawo. Wai mace mai takaba ba ta zama a tsakar gidan da kowane yaron mota ke leƙowa daga saman kaya. Na ce a ce masa na ji. Ban ce na yarda ba.

Litinin, 12 ga Maris

Shi Yaya Abdu bai san dalilin gajartar katangar nan ba. Ya ɗauka kasala ce irin ta ƙanensa.

Lokacin da ake ginin gidan nan, Sadiƙ da kansa ya tsayar da magini katanga na iya kafaɗata. Bayanmu hanya ce, nan manyan motoci ke jeruwa suna jiran kwastan kafin su ƙetara Nijar, nan kuma suke tsayawa in sun dawo. Duk ranar da layi ya kawo shi saitin gidan, sai ya bar sitiyari ya hau saman kaya kamar wani yaron mota, ya wurgo mana dogon burodin nan na Maraɗi ta kan katanga. Rabin lokaci cikin kwatami yake faɗawa. In yi ta masifa, shi yana can sama yana dariya, direbobin baya suna danna masa oda.

Zazzaɓi ne fa kawai ya ɗauke shi. Mutumin da ya yi shekaru yana bin wannan hanya ko taya bai taɓa fasawa ba, a kan katifarsa ya tafi.

Alhamis, 15 ga Maris

Motar da Sadiƙ ke tuƙawa ta wuce. Mai ita ya ba wani direba, Kalilu. Koren tamfol ɗin nan ne dai, da facin da na ɗinke da hannuna. Ina shanya na hango ta, sai na bi ta da ido har ta ɓace.

Lahadi, 18 ga Maris

Yaya Abdu ya sake zuwa, wannan karon da hujja. Tun da aka fara Shari'a kowa a unguwar nan ya zama malami, har mai sayar da fetur a kwalba. Wai an yi maganata a masallaci. "Ana ganinki, Habsatu. Mi kike so mutane su ce da mu?" Na ce ta bayan labule, su ce mijinta ya mutu tana shanya wanki, abin da suka gani ke nan.

Na san ba mugunta ba ce. Idonsa ma har yanzu ja yake. Amma shi yana da gonarsa ta Riko da zai je ya manta. Ni wannan katangar kawai nake da ita.

Laraba, 21 ga Maris

Hanna maƙwabciyata ta raba gardama. Mijinta Ayuba ma'aikacin lafiya ne, Kiristoci ne, tun zuwansu Jibiya muke gishiri ɗaya. Ta ce a kafa zana a saman katangar, Yaya Abdu ya huta, in takaba ta ƙare a cire. An kafa da yamma. Gidan ya yi duhu kamar rumbu.

Da suka tafi na ɗauko wuƙa na buɗe 'yar kafa a jikin zanar, daidai idona in na taka turmi. Matar aure guda, uwar 'ya, a kan turmi tana leƙen hanya. Allah Ya sa kar a gani.

Juma'a, 23 ga Maris

Motar ta wuce da hantsi. Na gani.

Talata, 27 ga Maris

Hanna ta kama ni a kan turmi. Ba ta yi dariya ba, da ma ta yi. Ta ajiye kwanon kunun da ta kawo, ta ce, "Maman Maimuna, kin ga yadda kika koma? Zanin nan sau biyu yake zagaye ki." Na ce zafi ne. Ta ce ita ma a garin take.

Gaskiya ba na iya cin abinci ranar da nake sa ran motar. Ranar da ta wuce kuma ba na iya ci don ta wuce. Na san ba shi ne a ciki ba, ai ba hauka nake ba. Amma kafin gaban motar ya iso saitin ramin akwai wani ɗan lokaci da ban gama sani ba tukuna. Wannan ɗan lokacin nake hawa turmi in nema.

Asabar, 31 ga Maris

Ban san ta yaya zan rubuta wannan ba.

Ina ɗaki na ji Maimuna tana ihu, "Baba! Baba!" Na fito a guje. Yarinyar da ba ta cika shekara huɗu ba, ta jawo kujera ta hau turmi, ta faɗaɗa ramin da yatsunta har ta zura hannu. Motar na tsaye a layi. Kalilu kuma, bawan Allah, ya ji kira, ya ga ɗan hannu, sai ya ɗaga mata nasa ta taga.

Ta juyo fuskarta duk murna. Can kuma motar ta ja gaba. Ta ce, "Mama, mi ya sa Baba ba ya shigowa? Hushi yake da ni?"

An gaya mata ya tafi wurin Allah. Ashe ita tana zaton wani gari ne a bayan Maraɗi. Kuma me zai hana ta yi zato, tunda kullum tana ganin uwarta a kan turmi tana jira.

Ta ƙi cin tuwo. Wai sai ya jeho burodi.

Lahadi, 1 ga Afrilu

Na aika wa Yaya Abdu ya kira magini. Ya aiko da Allah Ya yi mini albarka, wai dama ya san ni mai jin magana ce. Na ji kamar in jefe shi da murfin tukunya.

Talata, 3 ga Afrilu

Ɗanmaraya magini ya zo, ashe shi ne ya yi ginin farko. Daga waje yake aiki saboda takabata, ni ina ɗaki ina jin ana kwaɓa ƙasa. Na ji yana ce wa Yaya Abdu, "Ni na san wanga gini. Marigayi ya ce in bar ta haka, wai yana son ya riƙa ganin gidanshi in ya taho. Na ce mai, ai kowa ma zai gani. Ya ce su gani, su yi hassada."

Sai can na ji Yaya Abdu yana fyace hanci.

Alhamis, 5 ga Afrilu

Jeri ɗaya suke ɗorawa su bari ya sha iska. Jiya saman tamfol kaɗai ake iya gani, yau ko shi babu. Na zaunar da Maimuna a cinyata na gaya mata da kalmomin da na iya. Baba ba ya cikin motar. Ba fushi yake ba. Ba zai dawo ba. Ta tambaya ko gobe. Na ce ko gobe. Sai ta ce to wa zai ba Baba ruwa. Nan na kasa.

Asabar, 7 ga Afrilu

An yi yaɓe, sun kwashe kayansu. Katanga ta fi ƙarfin mai tsaye a kan kowace mota.

Na fito tsakar gida ba mayafi, karo na farko tun rasuwar. Babu ido ko ɗaya, sai sama. Na zauna a ƙasa na jingina da ita, ɗanyar ƙasa tana sanyaya mini baya, sai kuka ya zo. Irin wanda ake hana mutum, mai sauti. Tun ranar da aka fita da shi ana ce mini haƙuri, haƙuri, kar ki ɗaga murya, ana ji, ana gani. Yau na yi har muryata ta dushe. Hanna tana ji ta nata ɓangaren, na sani, amma ba ta shigo ba. Allah Ya saka mata.

Na tsani katangar nan. Muni gare ta.

Laraba, 11 ga Afrilu

Inuwa take yi da la'asar, mai faɗi. Mun shimfiɗa tabarma a wurin. Maimuna ta ci abinci, ni ma na ɗan taɓa.

Lahadi, 15 ga Afrilu

Hanna ta dawo daga coci ta kawo mana shinkafar bikin Ista. Muna zaune take cewa ta ga motar a layi tun safe, ta daɗe tsaye nan bayanmu, Kalilu har oda ya yi ta dannawa.

Ban ji ba.

Lokacin ina wanke wa Maimuna kai, tana tsala ihu wai sabulu ya shiga idonta, ni kuma ina mata dariya. Na ce wa Hanna ihun yarinyar ne ya toshe mini kunne. Ta ce haka ne, ta ƙara mini shinkafa.

Ihun ne. Ai yana da ƙarfi.

Sadiƙ, ka yafe mini.