Ranar da Waina ta Ƙone

Assalamu alaiki, Umma.

Gaisuwa da kewa mai yawa. Na san babu ɗan aiken da zai kai miki takardar nan, amma wa zan faɗa wa in ba ke ba?

Gida lafiya. Yaya Sani ya shafa wa ɗakinki wani koren fenti da ba za ki taɓa yarda da shi ba. Maƙwabtanmu na unguwar Rusaifa a nan Makka har yanzu suna neman wainarki. Ni nake soya musu, suna ci suna yi mini kara.

Na je Jidda ganin likita, kamar yadda muka saba tun da aka dasa mini ƙwayoyin halittar nan masu yin insulin saboda ciwon sukarina. An ɗebi jini, an duba ƙoda. Ya ce ƙwayoyin suna nan da rai a hantata inda aka dasa su, sai dai sun fara gajiya, don haka ya mayar da ni kan allurar insulin kaɗan. Na dawo gabana yana faɗuwa. Ba allurar nake tsoro ba. Kin san tun ina ƙarama sukarina yakan sauka ban ji komai ba, sai dai in farka a ƙasa. Ke kike ganewa. Kallo ɗaya za ki yi mini ki tura mini dabino a baki, ina masifa wai lafiyata lau. To yanzu wa zai kalle ni?

Ban taɓa gaya miki ba, ko lokacin da nake ture hannunki, daɗi nake ji.

Ana gobe Arfa ina gaban tanda ni kaɗai, ina soya wainar da za a kai wa masu aiki a Mina. Sai hannuna ya kama rawa, gumi mai sanyi ya keto mini, ga yunwa kamar in ci babu. Na gwada sukarina, ya yi ƙasa. Na sha lemo, sannan na zauna a daɓe na yi ta kuka, waina tana ƙonewa.

Umma, na ji saukar sukarin a jikina, babu wanda ya gaya mini. Likita ya ce ko ƙwayoyin sun rage ƙarfi, wannan jin da suka dawo mini da shi yakan daɗe.

Ina shan magungunana, ina sa takunkumin fuska in zan shiga Harami tunda suna rage mini garkuwar jiki. Shekara da shekaru kina gadina, ko sallah kike kunnenki yana wajena. Ki huta haka nan, zan iya. Allah ya haskaka makwancinki.

'Yarki mai taurin kai,
Rukayya