Kan Kifin da Na Kai wa Baba

Zuwa ga Garba Bakabe,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fata kana cikin rahamar Ubangiji. Na san ba za ka karanta wannan takarda ba. Ko da kana raye ma ba karantawa za ka yi ba, ni za ka miƙo wa ka ce idonka na yaji, in karanta maka. To yau ni ne mai rubutu, ni ne mai karatu, sai ka yi haƙuri ka saurara.

Ina zaune ne a ɗakinmu na Mu'aither, nan gefen Doha. Gadonka an ba wani Bazazzagi mai aikin gadi, mutumin kirki ne, amma minsharinsa ya fi naka. Ni ina nan ina tuƙa yaran kafil ɗina, wato maigidana, daga Al Rayyan zuwa makaranta, kuma hanyar nan da ka ce sai jikokinmu za su ga an gama ta, an sake tone ta. Ba wanda ke ce mini bawan Kabawa idan na shigo da yamma. Wa zai ce? Ban da Bazazzagin, duk Katsinawa da Kanawa ne suka rage, kowa sai girmama ni yake, abin har ya ishe ni.

Na je gida hutu, kuma na je garinku. Hajara ta gama takaba, tana nan lafiya, ta ce ba za ta koma gidan iyayenta ba tukuna saboda Baba. 'Yarka Nafisa ta shiga makaranta, haƙoranta na gaba sun fita, idan ta yi dariya kai nake gani. Sabis ya iso garin, yanzu ba sai an hau tudun bayan kasuwa ba kafin a amsa waya. Ka ga abin da ka yi ta jira, ya zo ba ka nan. Idanun Baba kuwa sun ƙara dushewa, sai ka yi magana yake gane ka.

Amma ba don wannan kaɗai na ɗauki biro ba. Maganar kan kifi ce.

Kai ka san aikinka, amma bari in faɗa maka yadda ni na gan shi. Turawan kamfanoni da Larabawa su yi hayar jirginku, ku fita teku da sassafe. Nahoda, wato direban jirgin, yana tuƙi, kai kuma kana baya. Kai ne mai ɗaura ƙugiya, kai ne mai duba inda tsuntsaye ke faɗawa ruwa, kai ne mai sakin zare. Da kifi ya kama, sai ka zare sandar fatsar ka miƙa wa baƙo, ka tsaya bayansa kana ba shi baki. Shi zai jawo, shi za a ɗauka hoto, kifin nasa ne. Shekara da shekaru kana wannan, kifaye irin su kanad da tuna da hamur sun bi ta hannunka ba adadi, amma ba ko ɗaya da ka jawo da kanka. Kai da aka haifa a bakin gulbi, ka iya iyo kafin ka iya Fatiha!

Ka tuna ranar da ka dawo kana huci, wai wani Bature ya kamo ƙaton kifi, ya sumbace shi, ya mayar da shi ruwa? Ka ƙi cin abinci, kana ta tambayata ko mutumin nan lafiyarsa ƙalau. Na yi dariya har cikina ya ƙulle. A ranar ne ka gaya mini al'adar gidanku, cewa duk ɗan da ya kama babban kifi da hannunsa, kan kifin na uba ne, shi kaɗai zai ci. Ka ce tun kana saurayi ba giwan ruwan da ka kama ba ka ajiye kansa gaban Baba ba. Ga shi ka zo babban ruwa, wanda ba a hango ƙarshensa, kuma duk lokacin da kuka yi waya sai ya tsokane ka, yana tambaya ko tekun ba ta da kifi ne. Na ce ka roƙi baƙi su bar maka kai ɗaya mana, ai zubarwa suke yi. Ka kalle ni ka ce wannan shawarar Bakatsine ce.

Sai ka sayi sandar fatsa taka ta kanka, ka tura ta ƙarƙashin gado. Nahoda ya yi maka alkawarin safiya ɗaya ba baƙi, kafin hutunka. Ba ka kai ba. Ka yanke jiki ka faɗi kana wanke jirgi da rana tsaka, likitoci suka ce zuciya ce. Muka kai ka makwancinka a nan, cikin yashi, inda ko tafki babu kusa. Wannan ya tsaya mini a rai, Garba, har yau.

Da muka haɗa kayanka za a aika gida, na cire sandar na ajiye. Ban san me zan yi da ita ba. Ka san ni da ruwa, ko Kornish muka je shan iska a bakin teku, ni can baya nake zama kusa da mota. Amma duk lokacin da na sunkuya neman takalmi sai in gan ta, zarenta sabo fil ko jiƙewa bai taɓa yi ba. Da sanyi ya shigo, hutuna ya matso, sai na tafi tashar jirage na sami nahoda. Da Larabcina na direba na yi masa bayani. Ya ce alkawarin yana nan. Safiyar Juma'a ɗaya zai iya ba ni, domin jirgin ba nasa ba ne, kuma dole mu dawo kafin a shiga masallaci. In an samu, an samu, in ba a samu ba, halas, wato shi ke nan.

Muka fita bayan sallar asuba. Tun ana hango dogayen ginin Doha na fara amai. Shayin da na sha, da burodin, da abincin jiya, duk na ba tekunku. Na kwanta a ƙasan jirgi ina salati, ina tambayar kaina me ya kai ni. Da kana nan da ka samu abin ba'a na shekara guda, ko ba haka ba? Nahoda bai yi dariya ba. Ya ɗaura mini kifin roba a ƙugiyarka, ya saki zare, ya ci gaba da tuƙi a hankali.

Rana ta ɗaga, ba komai. Ƙasa ta ɓace, ko'ina ruwa. Na ga nahoda yana yawan duba agogo. Wallahi a lokacin na ji haushinka. Me ya sa ka gaya mini maganar nan? Me ya sa ba ka bar ni da jahilcina ba? Ya riga ya fara karkata jirgin zuwa gida sai ya nuna mini can gefe, tsuntsaye na ta faɗowa ruwa. Ya juya ya bi su. Ba a jima ba sandarka ta lanƙwashe, zare ya ɗauki ƙara yana fita da gudu.

Nahoda ya daka mini tsawa, yalla, in tashi. Na kama sandar, nan take na ji kamar na riƙe igiyar bijimin da ya ƙi shiga kasuwa. Na roƙe shi ya karɓa, ya mayar da hannuwansa baya, ya ƙi. Ashe ka taɓa yi masa bayanin al'adar, bai manta ba. Ya tsaya bayana yana ba ni baki, kamar yadda kake yi wa baƙi: in kifin ya ja in sassauta, in ya huta in naɗe. Hannuna ya yi kanta, ina kuka ina naɗewa, ban san kukan wahala ba ne ko naka. Daga ƙarshe kifin ya taso gefen jirgi yana walƙiya, nahoda ya sa ƙugiyar sanda ya ɗago shi. Tuna ce, Garba. Ba irin ƙattin da kake ba ni labari ba, amma ta kai tsawon hannuna har da ƙari. Nahoda ya tsiyaye jininta, ya binne ta cikin ƙanƙara, sannan ya koma wajen tuƙi yana share ido da gefen rawaninsa. Mun samu Juma'a, ina warin kifi a sahun baya.

Naman na raba wa mutanen gidanmu. Kan kuwa sai na ce banda zan yi, kamar yadda ka yi niyya. Na samo rabin duro da gawayi da guntayen katako, na hura a bayan gida. Hayaƙi ya turnuƙe unguwa, maƙwabta suka fito da bokitai suna zaton gobara ce. Ina tsoron kada a kai ƙara wajen mai gidan, sai na ƙara wuta don a gama da wuri. Mutanenmu kuwa har da masu riƙe ciki don dariya. Kowa daga gida yake ɗauko banda ya kawo Doha, ni ne mutum na farko da zai ɗauki kifi daga Doha ya kai wa Kabawa.

Na naɗe shi cikin jarida da leda, na cusa tsakiyar kaya. Tun daga Legas har garinku ina saƙa abin da zan faɗa. Na yanke shawara zan ce wa Baba kai ka kama kafin ka rasu, ni ɗan aike ne kawai. Na ga ai ba laifi, tsoho ne, zai ji daɗi.

Na same shi a zaure, kan tabarma. Bayan mun yi gaisuwar rasuwa, na warware ledar na ajiye a gabansa. Ban ma buɗe baki ba ya lalubo shi. Ya shafa, ya juya, ya sa yatsa cikin bakin kifin ya bi haƙoran, ya kai hanci ya shinshina. Sai ya ce wanda ya yi bandar nan sauri yake yi, waje ya ƙone, ciki bai gama shan hayaƙi ba, kuma ɗansa ba ya yi wa kifi gaggawa. Ya tambaye ni wa ya kama. Ƙaryar da na ɗauko tun daga Legas na kasa faɗinta. Na gaya masa komai, har aman ban ɓoye ba. Na gaya masa sandarka ce, zarenka ne, hannun ne kawai nawa.

Ya ci gaba da shafa kan kifin har na fara nadamar zuwa. Na ce a raina na fama masa ciwo, na kawo masa abin da ya fi ƙarfin matsayina. Can ya kira Hajara ya ce a dafa. Da aka kawo, ya ci shi kaɗai, a hankali, yana tsotse ƙashi ɗaya bayan ɗaya, hawaye na bin gemunsa. Ya ce gishirin ruwanku ya yi yawa, amma kifi ne. Ya ce ashe tekun tana da kifi.

Akwai abin da ban taɓa gaya maka ba. Duk ranar da ka sayo kati ka kira gida, kuna faɗa da Baba a kan koma da kwale-kwale, kana ɗaga murya yana ɗagawa, ni ina kan gadona ina yin kamar rediyo nake ji. Ku nake saurara. Ka san mahaifina ya rasu ina goye, ko muryarsa ban sani ba. Ina sha'awarka, Garba, wani lokacin har kishi nake ji. Ban faɗa ba, don na san da ka maishe shi abin tsokana, daga baya kuma ka zauna kana jin tausayina, ni kuwa ba na son ko ɗaya.

Da ya gama ya wanke hannu, na yi masa sallama zan tashi. Sai ya riƙo hannuna, ya shafa kantar da sandarka ta bar mini. Ya ce a gidan nan baƙo ba ya kawo kai, ɗa ne kaɗai ke kawowa, kuma shi ya riga ya ci, ba a mayarwa. Ya ce baɗi yana jiran nasa, kuma in rage wuta.

Ka ga abin da ka ja mini? Wannan ɓangaren al'adar ba ka gaya mini ba. Ko da gangan ka yi? Jiya Baba ya sa Nafisa ta kira ni, ya yi mini faɗa a kan na daɗe ban buga ba, yana ɗaga murya ina ɗagawa. Da na kashe wayar sai na gane irin faɗanku ne muka yi.

Na sake komawa wajen nahoda, ya ce zai nema mini wata safiyar in sanyi ya dawo. Har yanzu tsoron ruwan nake ji, kada ka zaci na zama Bakabe. Amma zan je.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka makwancinka, ya shayar da kai daga ruwan da ba gishiri. Ka huta, Baba yana hannuna.

Ni ne Bakatsinen da ka bar wa sanda,
ƙaninka Hamisu.