Ya sa silin a ƙofar mota, na kwashe samfuran ubansa

Mai fili, ka taimake ni kafin bakina ya faɗi abin da ba ya komawa. Ni ban yi boko ba. Matar ɗana ce ke rubuta wannan, na kuma ce mata duk abin da na faɗa a kan mijinta ta sa shi yadda yake, don zan kai a karanta min.

Marigayi mijina ɗinkin cikin mota yake yi: kujeru, rufi, da allon nan da ke rufe ƙofa ta ciki. Shekara talatin da huɗu, filawud kawai yake sawa a ƙarƙashin soso da fata. Ni ke shafa wa allunan banish a tsakar gida don kada su sha ruwa, gaba da baya har bakin-bakin, sau biyu. Har yau farcena bai dawo daidai ba. Kowace irin ƙofa kuma ya yanka mata samfur, da ramukan maɓallanta, ya rataye a bango.

Ya rasu, babban ɗanmu ya gaji shagon. Ƙato ne da furfura a gemu, amma kan nan fanko. Ashe silin yake saye, wannan na rufin ɗaki, wai ya fi saurin yankuwa. Silin, a ƙofar da ruwa ke bin gilashi yana gangarawa cikinta!

Wani direba da ke kawo wa marigayi aiki tun yana saurayi, har gida ya zo ya same ni, bai je shago ba. Ya buɗe min ƙofar motar. Allon ya kumbura, fata ta yi ciki, maɓallai sun fice, wari kamar an manta jiƙo. Bai ɗaga murya ba. Cewa kawai ya yi sunan mijina ya gani a kan shagon shi ya sa ya shiga. Da marina ya yi da ya fi min sauƙi.

Ranar na je na sauke samfuran nan kaf, suna ƙarƙashin gadona. Ɗan nawa ya zo yana min turancin banza, wai motocin yanzu ƙofarsu a lanƙwashe take, filawud ba ya bi, wai zai koma allon roba. Robar uwa! Bokiti zai haɗa? Na ce jibi zan kira mai fenti ya goge sunan marigayi daga shagon, shi ɗan ya rubuta nasa ya ci gaba da zubar da shi. Wannan mai rubutun tana ta share hawaye, ba ruwana.

Kada ka ce min in yi haƙuri, na sha shi har ya ishe ni. Ka faɗa min in goge ko kada in goge.

Uwar mai shago

*

Mama, ba zan ce ki yi haƙuri ba. A kan silin kin fi shi gaskiya nesa ba kusa ba: ruwa yake sha, kuma wanda ya tashi yana kallon ki kina shafa banish ba shi da uzurin cewa bai sani ba.

Amma a kan roba shi ya fi ki. Filawud na ƙofa miƙaƙƙiya ne. Mai lanƙwasa sai allon roba mai kauri, wanda ake gasawa da zafi ya bi siffarta, kuma ruwa ba ya yi masa komai. A dai goge fuskarsa da samfefa kafin a sa gam. Ki kuma tambaye shi ko ya mayar da ledar da ke tsakanin ƙarfen ƙofa da allo. In ya yage ta ya yar, ko allon marigayi sai ya ji jiki.

Samfuran da ke ƙarƙashin gadonki ba sa kare sunan kowa. Yanzu da ka yake huda ramuka, kuma duk wanda ya karkace, sunan mijinki za a kira.

Ki dakatar da mai fenti. A jefa guntun silin, da filawud mai banish, da roba a bokitin ruwa kwana uku, ku duba tare. Abin da ya fito lafiya shi zai shiga shagon.

Ga yadda za a raba: ɗanki ya sake wa direban ƙofofinsa huɗu, ya kai masa motar da kansa. Ranar da ya yi, ki mayar da samfuran bango da hannunki. In ya ƙi, ki goge sunan, ba mai ganin laifinki. Ku biyun kuma ku ba wa baiwar Allahn da kuka sa ta rubuta zagin mijinta haƙuri.

Allah ya jiƙan marigayi, ya ƙara miki lafiya.