Dogo Bai Buɗe wa Auta Ƙofa Ba

Zuwa ga Maigida,

Gaisuwa mai yawa daga ni da Auta, da fatan wannan takarda ta same ka cikin sauƙi. Yaya ƙarfin jiki? Yaya hannun, ya fara jin magana ko har yanzu yana nan da taurin kai irin na mai shi? Ka gaishe min da ƙanwarka da mijinta, Allah ya saka musu da ɗawainiyar kai ka asibiti wurin gashin ɓarin jikin da ya shanye da dawo da kai. Ka ce in daina kiran waya tunda harshen bai gama sakuwa ba, kana jin haushi in na ce ka maimaita. To ga takarda, ita ba ta cewa a maimaita.

Mu nan lafiya lau. Famfon tsakar gida ya koma ɗiga, na ɗaure shi da tsohuwar roba yadda kake yi, ya yi shiru na yini guda ya ci gaba da abinsa.

Albishirinka. Bikin kiɗan unguwa, wanda kai da abokinka Dogo mai ganga kuka fara a filin makaranta tun ba ku da ko lasifika, bana ya zo da sabon abu. Kwamiti ya ware wa matasa zagayensu, kowane yaro zai hau dandamali ya nuna abin da ya koya, Dogo ne zai riƙe musu ganga tunda shi ne shugaba yanzu. Kuma wata malama daga makarantar kiɗa ta birni za ta zo ta saurara, ta zaɓi yaro ɗaya a ba shi gurbin karatu. An sa sunan Auta. Da gogenka za ta hau, kuma kiɗanka za ta yi, wanda kake rufe taro da shi.

Tun da aka gaya mata ba mu huta ba. Daga makaranta sai ɗakinka, ta shanya goge a bakin taga fatar ta sha rana, ta goga wa bakan gogen ƙaro, ta zauna a kan kujerar nan taka mai gurguwar ƙafa. Jiya ina wanke-wanke na ji ta kai wurin nan da kiɗan yake hawa, sai da na saki kwano na leƙo, wallahi na ɗauka kai ne. Har karkatar da kan nan naka ta ɗauka, kamar mai ciwon wuya.

Abin dariya, ta sa ni ina buga mata bayan roba a madadin ganga. Na buga, na buga, yarinya ta ɗaga baka ta tsaya ƙyam. Na ce me ake jira? Wai ban buɗe mata ƙofa ba. Sai ta zaunar da ni ta karanta min karatunka kaf: mai goge ba ya shiga kiɗa sai mai ganga ya sassauta hannu, ya bugi gefen fata, ya bar masa rata, wannan ce ƙofa. Wanda ya shiga kafin nan, in ji ka, ɓarawo ne ya haura katanga. Na ce to ni uwarki ce, ki haura, ba zan kira 'yan sanda ba. Ko murmushi ba ta yi ba.

Ƙanwarka ta gaya min abin da likita ya ce game da yatsun. Ban faɗa wa kowa ba, kuma na san ba ka son a ɗauko maganar, don haka na ajiye ta. Abin da zan ce kawai, da na ji yarinyar nan jiya, wani nauyi ya sauka daga ƙirjina. Kiɗan bai tafi ko'ina ba, yana cikin gida.

Dogo ne zai kawo maka wannan takarda, ya ce zai zo duba ka kafin biki. Ka damƙa masa amanar Auta baki da baki, ka san shi da son a roƙe shi.

Ka riƙa cin abinci, ka daina yi wa masu gashi faɗa. Allah ya ƙara sauƙi.

Taka,
Maman Auta


Zuwa ga Maigida,

Ina gaishe ka, ina gaida mutanen gidan, da fatan jiki yana ƙara kyau. Ka yi haƙuri da gajeriyar gaisuwa, raina a ɓace yake, kuma in ban zubar a takarda ba zan fashe.

An yi biki. An kafa rumfuna a filin makaranta, an jera kujerun roba, an kawo lasifikokin haya masu ƙara kamar za su tsaga kunne. Manya suka yi ta jawabi a kan matasa, matasa su ne gobe, matasa su ne magada, su kuwa matasan suna tsaye a rana a bayan dandamali da kayan kiɗansu, ko ruwa ba wanda ya miƙa musu. Auta ba ta damu ba, wai ranar ma ta yi wa fatar goge daidai.

Da aka zo kansu, 'yar mai wanki ta yi waƙa, 'yan biyun gidan tela suka yi ganga, sannan jikan Dogo ya hau da sarewa. Yaron ba laifi, ba zan ci haƙƙinsa ba. Kakansa ya buɗe masa ƙofa wangame, ko kurma ya ji ta. Malamar birni tana gaba a zaune da tabarau, tana gyaɗa kai.

Auta ce ta ƙarshe. Ta hau, ta durƙusa ta gaida Dogo, ta zauna, ta ɗora goge. Ya fara kiɗanka, mutane suka gane shi tun bugun farko, tsofaffi suka gyara zama, na ji wata a bayana tana cewa Allah ya ba mai shi lafiya. Yarinya ta ɗaga baka. Maigida, shekara nawa ina jin kiɗan nan daga kicin? Na san wurin da ƙofar take kamar yadda na san ƙofar ɗakina. Dogo ya zo wurin, ya wuce. Na ce ko mantuwa ce. Ya zagayo, ya sake zuwa, ya sake wucewa, kansa a sunkuye, hannunsa bai sassauta ko kaɗan ba. Haka ya yi ta zagayawa, ita kuwa tana zaune da baka a sama, idonta a kan hannunsa.

Da wata yarinya ce da ta shiga abinta, wa zai sani a filin nan? Malamar ma ba ta san da wata ƙofa ba. Amma 'yarka ce. Na miƙe tsaye ina yi mata alama da hannu ta shiga, ta gan ni sarai, ta mayar da ido kan ganga.

Yara suka fara dariya. Mai gabatarwa, ɗan gidan mai kanti da bai san komai ba sai surutu, ya karɓi makirufo ya ce a tafa mata, tsoro ne ya kama ta, yarinya ce. Aka tafa. Ban taɓa jin tafi mai ciwo irin wannan ba. Dogo ya rufe kiɗa, ta sauke baka, ta sake durƙusawa ta gaishe shi, ta sauko. Ta gaishe shi fa!

Gurbin karatu, ba sai na gaya maka ba, jikan Dogo aka ba. Bayan nan aka jera su duka aka ɗauki hoto don takardar kwamiti, aka ce kowa ya riƙe kayan kiɗansa ya yi murmushi. Ga Auta nan a gefe da gogenka, wanda ya ga hoton zai rantse ta yi kiɗa.

Na tare Dogo a bakin rumfa, ya yi kamar ana kiransa, ya sulale. Mutumin da ya ci abinci a gidan nan fiye da a gidansa. Mutumin da ya yi wa yarinyar nan 'yar ganga da gwangwani tana rarrafe. Ashe jira yake ka kwanta ya share wa jikansa hanya. Ban yafe ba, kuma kada ka ce min in yafe.

Abin da ya fi ci min rai, ita Auta ba ta ga laifinsa ba. Ta ce Baba Dogo ba zai hana ta ƙofa ba, tabbas ya buɗe, ƙarar lasifika ce ta sa ba ta ji ba. Na ce ni ma ina wurin, bai buɗe ba. Ta ce ai ni ba makaɗiya ba ce. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi. Ta goge goge tas, ta rataye shi a ƙusarsa, ta je ta ɗora tukunya.

Ka sa ƙanwarka ta rubuta mata daga bakinka cewa ba kunnenta ba ne. Kai kaɗai za ta yarda da maganarka. Shi kuma abokin naka, na bar ka da shi.

Ka huta lafiya.

Matarka,
Maman Auta


Maigida,

Ina fatan kana lafiya. A gaida ƙanwarka, na gode mata da ta rubuta amsarka.

Na karanta ta a tsaye a bakin ƙofa, don ba ta kai a zauna ba. A yi haƙuri, lokacin yarinya bai yi ba. Shi ke nan. Ba ka ambaci kunnenta ba, ba ka ambaci Dogo ba, kai da kake kwana uku kana mita in mai ganga ya yi maka gaggawa. Na juya takardar ko akwai saura a baya, babu. Daga nan jikina ya ba ni.

Na sa mayafi na tafi shagon Dogo. Na same shi yana jan fata a kan sabuwar ganga, igiya a baki. Wannan karon ba ƙofar gudu, don a bakinta na tsaya. Na faɗa masa duk abin da ke raina, har da wanda bai kamata ba, maƙwabtansa suna ji. Ya ci gaba da jan fatarsa har na gaji. Sannan ya tofar da igiyar ya gaya min.

Ya ce ranar da ya kai maka takardata, ka karanta, ka ajiye ta gefe. Da ya tashi tafiya ka cafke masa hannun riga da hannunka mai lafiya, ka ce kada ya buɗe wa kowa ƙofar kiɗanka, za ka warke ka zo ka yi da kanka. Ya ce maka ai Auta ce. Ka ce ko wace ce. Ba ka sake shi ba sai da ya rantse.

Ban wanke Dogo ba. Da namiji ne da ya zo gida ya ce wa Auta ta canza kiɗa tun da sauran lokaci. Ya ce ya zo har bakin layinmu, ya jiyo ta tana yi, ya kasa shigowa. Wai ya bar wa ranar, ko hannunsa zai yanke masa hukunci. Matsoraci ne, kuma tsoron nasa bai yi wa jikansa asara ba. Amma shi rantsuwa ya riƙe. Kai me ka riƙe?

Ni na yi ta murna kamar wawuya ina rubuta maka cewa kiɗan yana cikin gida, ashe wuƙa nake caka maka ban sani ba. Na san da ciwo, Maigida. Na san abin da hannun nan yake a wurinka, ni na riƙa shafa masa mai in ka dawo daga wasa. Da ka ce min ba ka shirya jin kiɗanka a hannun wani ba, da na lallashe ta, da ta zaɓi wani, tana da su da yawa, duk kai ka koya mata. Sai ka zaɓi ka bar ta ta hau gaban unguwa. Kai ka koya mata jira, ka fi kowa sanin ba za ta haura katanga ba, da wannan ka kama ta. Da ba ta da tarbiyya da yanzu tana birni.

Ka san abin da take yi yanzu? Ɗan maƙwabta ya ɗauki bikin a waya, ta karɓo. Kullum in ta dawo makaranta sai ta zauna a kujerarka ta manna wayar a kunne, ta kai ƙarshe ta dawo farko, tana neman wurin da ƙofar ta wuce ta. Shekaranjiya ta tambaye ni ko zan kai ta asibiti a duba mata kunne. Goge kuwa ba ta sake taɓa shi ba, ta ce sai ta gano.

Ban gaya mata ba. Na buɗe baki ya fi a ƙirga, in na kalli yadda take karkata kai sai in kasa. Ba ni na rufe ƙofar nan ba, ba ni zan tsaya a gabanta in faɗi wanda ya rufe ba. Wannan aikinka ne, da harshen da bai gama sakuwa ba. Ya saku ai ranar da ka yi wa Dogo magana.

Direban da ya kawo maka wannan takarda yana da wani ƙunshi, ka sa a karɓa. Gogenka ne. Na sassauta tsirkiyar don hanya, na naɗe shi a tsohon zanena, baka da ƙaro suna ciki. Ka ce da kanka za ka yi. To ga shi nan, ka yi.

Allah ya ba ka lafiya, wannan har zuciyata nake faɗa.

Maman Auta

Na manta. Auta ta ga ina naɗe gogen, ta ɗauka kai ka aiko a karɓa don ta ba ka kunya. Ita ta riƙe min bakin zanen na ɗaure. Ta ce in gaishe ka, kuma in roƙar mata gafara.