Jar Alama a Kan Rijiyar Inna

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan fankar ofishinku na juyawa lafiya. Mu dai sojojinku sun kwashe mu daga tsibiri ranar Talata, awa uku suka ba mu. Wani hafsa mai tumbi ya taka kwandon kifina yana mana lacca, wai wanda ya riƙe tsibirin nan ya riƙe maƙogwaron ruwa, ba jirgin da zai wuce sai da izininsa. Ashe shekara talatin a maƙogwaro nake bandar kifi ban sani ba.

An zuba mu a ajin firamare. Inna ta ƙulle makullin gida a bakin zane, kullum sai ta tambayi ranar komawa. Kai ke zana musu taswira, ka san yadda za ka yi kada a rushe gidan.

Ƙanwarka mai kifi.

*

Ƙanwata,

Bayan gaisuwa, takardarki ta iso. Ƙa'ida ce a rushe duk ginin da bai da amfani ga runduna, domin a buɗe wa bindigogi fili. Saboda haka na yi dabara. Na sa jar alama a kan rijiyarmu, na rubuta cewa ita kaɗai ke da ruwan daɗi a tsibirin. Soja ba ya wasa da ruwan sha. Ki gaishe da Inna.

Yayanki.

*

Yaya,

Ina gaisuwa, don haka aka koya mana. Dabararka ta ci, sannu da ƙoƙari. Wata biyar kwamanda na minshari a gadon Inna. Yanzu manyanku sun ce yaƙi ya koma kudu, maƙogwaro ya tashi daga aiki.

Jiya mai kwalekwale ya kai ni. Gida na nan, ko ƙusa ba a cire ba. Amma da za su tafi sun bi taswirarka, wai duk abin da ke da jar alama ba a bar wa abokan gaba. Ganga uku ta baƙin mai suka juye a cikin rijiyarmu. Na leƙa, na yi amai a gindin rijiyar da Baba ya haƙa. Rijiyoyi masu ruwan zartsi, da ba ka yi wa gata ba, lafiyarsu ƙalau.

Ƙanwarka.

*

Ƙanwata,

Gaisuwa. Don Allah kada ki faɗa wa Inna tukuna.

Yayanki.

*

Yaya,

Ina amsawa. Ban faɗa ba. Ta ɗaure kaya, har ta aika an sayo sabon guga. Jirgi na tashi Asabar da hantsi. Ka zo ka ja mata ruwan farko.

Ka huta lafiya.